Shari'ar Katakon Susa

Lanyau anak Sigat, wato ɗan Sigat, mutum ne da hannunsa na dama ba ya kaiwa bayansa, na hagun kuwa dama tun asali bai taɓa kaiwa ba. Na daman ya samu matsala ne tun yana saurayi, ranar da ya hau itace ɗiban zuma, ƙudan suka nuna ba su yarda ba, ya sako hannu ya faɗo. Kafaɗa ta goce, aka gyara, ta warke. Sai dai ta warke da sharaɗi: tana ɗaga adda, tana jan igiyar injin kwale-kwale, tana kai loma baki, amma ba ta zagayawa baya. Duk mai son ya fahimci rayuwar Lanyau, daga nan zai fara.

Sauran tarihinsa ba shi da tsawo. A dogon gidan da ke kan wani reshen kogin Baleh aka haife shi, can sama da garin Kapit, kuma a nan ya tsufa. Ya tatsi roba lokacin da roba ke da daraja. Ya yi aiki da kamfanin katako har kewar shinkafar gida ta koro shi, ya dawo ya shuka masoro. Ya auri Selaka suka haifi Sumping, daga nan sunansa ya ɓace a bakin mutane, kowa ya koma kiransa Apai Sumping, wato baban Sumping, ita kuma Indai Sumping. Ba ya faɗa, ba ya waƙa a biki, ba ya yin irin mafarkin da ake tara jama'a a ba su labari. Abu biyu aka san shi da su. Na farko, da kwano yake wanka a bakin gaɓa, shi da aka haifa a kan kogi, domin ya tsani ruwa ya shiga masa kunne. Na biyu, ƙaiƙayin baya.

Ƙaiƙayin kan zo da rana tsaka, idan ya dawo daga gona gumi ya fara bushewa, kuma wuri ɗaya yake sauka, tsakanin allunan kafaɗa, ƙasa kaɗan. A farkon aure Selaka ce ke sosa masa. Wata rana tana cikin susar ta tsaya ta ce, "Ni ma fa ina da baya. Ka taɓa tambaya?" Aikin ya tsaya daga ranar.

A ƙofar ɗakinsu, kan doguwar barandar da duk ɗakunan gidan ke fuskanta, akwai wani katako a tsaye, an cusa gindinsa tsakanin katakan daɓe. Siffar mutum ce a tsugune bisa guntun ginshiƙi, tsayinsa duka bai wuce kafaɗar Lanyau ba. Itacen belian ne, baƙi ƙirin, mai nauyin da ruwa ba ya ɗaga shi. Fuskar ta shafe, hanci ya tafi, ido ɗaya rami ne, ɗayan kuma sai mai son gani. Hannun hagu yana kan ciki. Na dama ya tallafe haɓa kamar mai tagumi, gwiwar hannun ta fito waje da ɗan tsini, ba irin mai huda fata ba. Gwiwar nan ta yi daidai da wurin ƙaiƙayin Lanyau kamar an gwada kafin a sassaƙa.

Abin da aka tabbatar game da asalin katakon kaɗan ne. Sigat, mahaifin Lanyau, shi ya jawo shi a taru bayan wata babbar ambaliya, yana ta murna ya kama kifin shekara. Da ya ga katako ne ya ce to, a faskara a yi girki. Gatari ya sauka a kansa ya yi tsalle ya dawo, saura ƙiris ya raba Sigat da kunne. Tabon yana nan a goshin katakon. Sai aka tsayar da shi a baranda kafin a san abin yi, aka kuma manta cewa ba a san abin yin ba. An rataya masa hula, an ɗaure masa zakara, yara sun koyi tafiya suna dafa shi.

Lanyau ne ya gano amfanin gwiwar. Tun daga lokacin, da rana ta take, mutanen gidan kan ji katakan daɓe suna kuka, su san Apai Sumping ya dawo daga gona. Yakan juya baya, ya ɗan rage tsawo, ya rufe ido, ya yi sama ya yi ƙasa, baki a buɗe. Shekara da shekaru ana haka, har gwiwar ta fi duk sauran jikin katakon sheƙi.

Sai aka gina sabon gida na siminti a kan tudu, mai tayil da shuɗin kwano, domin tsohon ya fara karkata wajen kogi kamar mai jin ƙishirwa. Shugaban gidan, Tuai Gerinang, mutum ne mai son tsari. Ya tara jama'a a baranda ranar Lahadi bayan addu'a, ya ce sabon gida ba zai karɓi abin da ba a san ko mene ne ba. Tulunan gado an san su. Kugen tagulla an san su. Kowanne da wurin zamansa da irin ladabin da ake yi masa. Sannan ya nuna katakon da leɓe.

"Wancan fa?"

"Katako ne," in ji Lanyau.

"Mun ga katako ne, Apai Sumping, ba wanda ya ce kifi ne. Katakon me?"

Kafin Lanyau ya haɗa magana, Ini Rabai ta tofar da jan yawun goron pinang a gwangwaninta. Ita ce ta fi kowa tsufa a gidan, kuma marigayi mijinta boka ne, don haka ta gaji sauran iliminsa da duk ƙarfin halinsa.

"Pentik ne," ta ce. "Irin wanda ake sassaƙawa lokacin annoba a kafa a bakin kogi, ciwo ya zo ya ɗauka mutum ne ya shige shi, ya bar masu rai. Ba ku ga hannunsa a ciki ba? Cike yake da gudawar mutanen da. Ku kai shi sabon gida in kuna so, amma ku ƙara gina bayan gida."

Mutane suka ɗan ja tabarminsu baya.

Sai Bangau ya miƙe. Ɗan baffan Lanyau ne, tsohon soja, wanda har gona da takalmin aiki yake zuwa. "Ini, da girmanki da komai, wannan karon kin kauce. Wannan Aki Temegoh ne, kakanmu da ya fara sare dajin nan. Ku dubi tagumin. Shugaba ne yana tunanin jama'arsa. Ku dubi goshin." Ya cire hula ya karkato da nasa goshin kowa ya gani. "Iri ɗaya."

"Tabon gatari ne," in ji Lanyau.

"Tabon yaƙi."

"Ina tsaye Apai ya sare shi."

"Kai a lokacin me ka sani ban da majina?"

Bangau ya nemi a naɗe kakan da saƙaƙƙen mayafi, a ɗora shi a kan wani babban kanta a sabon gida, hannu kada ya taɓa shi sai ranar bikin girbi. Wasu suka ce haka ne. Wasu suka ce maganar Ini ta fi kama da gaskiya. Aka rabu biyu, har cikin ɗaki ɗaya.

Lanyau yana zaune yana lissafi, ya ga gaba kura baya sayaki. In pentik ne, ƙasan matakalar kogi za a kai shi, inda ko kare ba zai raɓe shi ba. In kaka ne, sama zai hau, kuma ba a goga wa kaka baya. Hanya ɗaya ce ta rage masa: a tabbatar katakon nan ba kowa ba ne, kuma ba komai ba ne.

Tuai Gerinang ya sa aka zagaye katakon da igiya, ya ce kada wanda ya taɓa shi har sai an gano gaskiyarsa. Da ya faɗi haka bai kalli kowa ba, amma kowa ya kalli Lanyau.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi masa daɗi ba. Ya gwada bakin ƙofa, ya ji ya yi faɗi. Ya gwada gindin kwakwa, ya tarar jajayen tururuwa sun riga shi. Ya gwada ludayin miya, Selaka ta kama shi.

"Ajiye min ludayi, Apai Sumping. Da shi muke ci."

"To ki ɗan taimaka mana. Nan kawai, ƙasa da..."

"Ka je wajen masoyinka na baranda."

"An sa masa igiya."

"To ka ga inda soyayya ke ƙarewa."

Da abin ya ishe shi, ya yi tunani irin na mai hankali. Ruwa daga sama yake gangarowa, ke nan katakon ma daga sama ya zo. A can saman kogi kuma mutanen Kenyah ne, waɗanda sassaƙa ba baƙuwarsu ba ce. In wani dattijonsu ya duba ya ce wannan gwajin hannun wani ɗan koyo ne da aka jefar, magana ta ƙare. Ya sa Sumping ta ɗauki hoton katakon gaba da baya a tsohuwar wayarta, ya karɓi wayar, ya cika tanki da mai, ya kama hanya. Ya yini yana faɗa da duwatsun kogi, a wasu wuraren sai ya sauka ya ja kwale-kwalen da igiya.

Da ya isa, aka kai shi wajen wani tsohon masassaƙi mai suna Lawai, mai dogayen kunnuwa har kafaɗa. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo giyar shinkafa, aka tambayi lafiyar mutanen ƙasan kogi ɗaya bayan ɗaya. Sannan Lanyau ya ciro waya.

A kogin nan, mutumin kirki ba ya yabon kayansa. In ya yanka maka kaza, cewa zai yi ka yi haƙuri da ƙashi. In yana da tulun gado da ya fi gona daraja, tsohuwar tukunya zai kira shi. Aikin mai sauraro ne ya ɗaga abin, kuma gwargwadon yadda mai abu ya ƙasƙantar da shi, gwargwadon yadda za a ɗaga. Lanyau ya san wannan sarai, shi ma haka yake yi. Ƙaiƙayi ne ya mantar da shi.

"Wani banzan katako ne, Aki," ya ce, domin haka ake kiran tsoho, wato kaka. "Ba shi da wani amfani. So nake ka duba ka gaya min ba komai ba ne."

Lawai ya kalli hoton, ya kalli mutumin da ya yini yana jan jirgi a kan duwatsu saboda banzan katako, ya gyara zama.

"Banza? Wannan?"

"Dubi fa, ko hanci babu."

"Manyan da can ba sa damuwa da hanci."

"Ido ma ɗaya ne."

"Wanda ya gani da ɗaya ya ishe shi."

"Aki, tsakani da Allah, ni bayana nake sosawa da shi."

Lawai ya kama baki, ya juya wajen mutanensa. "Kun ji tawali'u irin na mutanen ƙasa? Wai bayansa yake sosawa!" Aka yi ta jinjina kai, aka ƙara wa baƙo giya.

Da aka zo kan gaskiyar sana'a, Lawai bai yi ƙarya ba. Ya ce ba aikinsu ba ne, domin su da sun yi masa haƙora da murɗe-murɗe har sai an rasa inda fuskar take. Bai kuma yi kama da na Iban, wato mutanen su Lanyau, ba. Watakila, in ji shi, na waɗanda suka riga kowa zama a kogin ne, waɗanda ko sunansu ba a riƙe ba. Wannan ya sa katakon ya ƙara tsufa a take, da tsufa kuma ya ƙara girma. Washegari da Lanyau zai koma, aka haɗa shi da dattawa biyu da zakara, su je su gaida babban baƙon da ke zaune a ƙofarsa.

Dattawan suka iso, suka tsuguna a gaban igiya, suka yi gaisuwa da harshensu, suka ajiye zakara. Ini Rabai ta ce kun gani, tsoronsa suke ji. Bangau ya ce kun gani, girmama shi suke yi. Lanyau ya shiga ɗaki ya kwanta rigingine a kan tabarma yana murza baya kamar doki a turɓaya.

Ranar tashi zuwa sabon gida ta matso, an fara kwashe tuluna, magana ta ƙi ƙarewa. Akwai matan da suka daina aron gishiri a wajen juna. Ini Rabai ce ta kawo mafita, ta ce a koma wa shari'ar nutso, yadda kakanni ke yi idan baki ya gaza. Kowane ɓangare ya kawo mutum ɗaya, su nutse tare su riƙe turke a ƙarƙashin ruwa. Wanda ya fara ɗago kai, maganarsa ta faɗi. Wanda ya yi saura, tasa ce gaskiya, kuma abin da ruwa ya yanke ba a sake ta da shi. An daɗe ba a yi ba. Tuai Gerinang ya ce to, amma in Fadan coci ya tambaya a ce masa wasan motsa jiki ne na tsofaffi.

Ini Rabai ta tsayar da ɗanta Kudi, masunci, mutum mai faɗin ƙirji da ba a ganinsa babu taba a baki. Bangau ya ce shi ba ya aika kowa yaƙinsa, da kansa zai shiga.

"Nawa ɓangaren fa?" in ji Lanyau.

"Wane ɓangare?" in ji Tuai.

"Ɓangaren ba komai ba ne."

Tuai ya ce adalci ne, ya kawo mutum. Lanyau ya bi ɗaki ɗaki. Babu wanda ya yarda ya nutse da sunan cewa katakon banza ne, alhali ga katakon nan yana ji. Surukinsa ya ce mura yake yi. Wani ya ce ya yi mummunan mafarki da ruwa. Wani ya ce zai yi tunani, ya tafi gona bai dawo ba sai da duhu. A ƙarshe Lanyau ya koma wajen Tuai ya ce shi zai shiga.

Dariyar da aka yi a baranda har karnuka suka taya.

"Da kwanon za ka shiga, ɗan'uwa?" in ji Bangau. "Ko mu riƙe maka a gaɓa?"

"Ku bar shi," in ji Kudi. "Ai ni tausayin kogin nake ji, bai san shi ba."

Ranar da aka sa, da hantsi, Selaka ta zaunar da shi a bakin ƙofa, ta tsoma auduga a man kwakwa ta toshe masa kunnuwa, tana dannawa da ɗan yatsa fiye da yadda ake buƙata.

"Tsoho da kai," ta ce. "In ka mutu a kan katako, shi zan kafa maka a kabari, ka yi ta susa har tashin duniya."

"Me kika ce?"

"Na ce ka ja numfashi sosai kafin ka shiga."

Ini Rabai ta ce ba sai an nemi wani turke ba, a kafa mai shari'ar da kansa a ruwa ya ji abin da ake faɗa a kansa. Ƙarti suka kwance igiya, suka ɗauko katakon suna nishi, suka gangara da shi matakala, suka kafa gindinsa a cikin tsakuwa inda ruwa ke kai wa mutum wuya. Ya shige gaba ɗaya, ko goshinsa ba a gani. An yi ruwan sama a saman kogi, don haka ruwan ya yi kalar shayi da madara, mutum ba ya ganin tafin hannunsa a ciki. Duk gidan ya sauko gaɓa, har masu jego. Aka watsa shinkafa, aka kira sunayen waɗanda ake kira. Tsofaffi uku suka tsaya a ruwa cikin gajerun wanduna, suna harare-harare. Tuai ya buga kuge, suka nutse.

Abin da ya faru a ƙasa, mutum uku ne suka sani, kuma biyu daga cikinsu ba su fahimta ba.

Kudi ya kama ƙafar katakon. Bangau ya rungume wuyansa, kamar yadda ya dace da jika. Lanyau kuwa ya shiga da ido a rufe gam, yana lalube, bai kama komai ba. Ruwa ya juya shi, ya tura shi baya, bayansa ya daki wani abu mai ɗan tsini, tsakanin allunan kafaɗa, ƙasa kaɗan.

Shi dai ya ce bai yi niyya ba, kuma babu dalilin ƙaryata shi. Jikinsa ne ya gane wurin kafin hankalinsa. Ya kafa dugadugai a tsakuwa, ya ɗan rage tsawo, ya yi sama, ya yi ƙasa. Makonni ke nan rabonsa da gwiwar nan. Ya manta da Tuai, ya manta da shari'a, ya manta cewa ɗan Adam da iska yake rayuwa.

Katakon da aka kafa a tsakuwa ba kamar wanda aka cusa a daɓe ba ne. Ya fara rawa.

Kudi ya ji ƙafar da ke hannunsa ta motsa, ta tsaya, ta sake motsawa. Shi da ya tashi yana jin labarin abin da ke cikin pentik, bai tsaya neman ƙarin bayani ba. Ya fito kamar kifin da aka soka, yana ihu, "Yana motsi! Indai, yana motsi!" ya nufi gaɓa, bai tsaya ba sai a saman matakala.

Bangau ya ɗan daure, saboda soja ne. Amma da ya ji kan kakansa yana dukan ƙirjinsa a hankali, gaba da baya, gaba da baya, kamar tsoho yana nuna rashin jin daɗi, sai ya tuna duk gonar gadon da ya bari ta zama daji. Ya saki wuyan ya taso, ya sha ruwa a hanya, ya fito yana tari yana cewa, "Na ji, Aki, na ji! Zan gyara!"

Aka zuba wa ruwa ido. Shiru. Wani ɗan kumfa ya taso ya fashe. Shiru.

"Ku ciro min shi!" in ji Selaka, ta riga ta shiga ruwa har gwiwa da zaninta. "Me kuke kallo? Ku ciro min tsohon banza!"

Kafin ƙarti su kai, kan Lanyau ya ɓullo a hankali. Ya ja iska da ƙara kamar tsohon inji. Waɗanda ke kusa sun ce ba su taɓa ganin fuska mai natsuwa irin wannan ba. Ya share ido, ya ga jama'a na ta tsalle bakinsu na motsi, ba ya jin komai saboda auduga.

"An fara ne?" ya tambaya.

Tuai Gerinang ya jira aka yi shiru, ya tsaya a kan dutse ya ba da hukunci. "Ruwa ya yanke. Ba pentik ba ne. Ba kaka ba ne. Katako ne. Wanda ya sake ta da maganar, kaza ce tararsa."

"Amma Tuai, ya motsa," in ji Kudi daga saman matakala.

"Ni ne," in ji Lanyau, wanda aka cire wa audugar. "Bayana nake sosawa."

Ini Rabai ta girgiza kai. "Ku ji shi. Abu ya tsaya masa a ƙarƙashin ruwa, ya kore masa abokan gaba, ya riƙe masa numfashi, amma wai susa yake yi. Sigat ya iya tarbiyya."

Ya rantse, ya maimaita, ya ce a zo ya nuna yadda ya yi. Duk yadda ya ƙara bayani, sai a ƙara jinjina masa. Daga baya ya gaji ya bari.

Haka katakon ya shiga sabon gida, a matsayin katako, aka tsayar da shi a ƙofar Lanyau. Har yau ba a san wanda ya sassaƙa shi ba, ko don me, kuma babu mai ikon tambaya. Sai dai da safe akan tarar da dafaffen ƙwai a gindinsa, wani lokaci da shinkafar da aka dafa a gora, kuma duk gidan babu wanda ya san mai ajiyewa. Selaka ce ke kwashewa. Ta ce tunda ruwa ya yanke cewa katako ne, katako kuma ba ya cin ƙwai, barinsa a wurin raina shari'a ne.

Matsala ɗaya ce ba a hango ba. Tayil ba shi da tsaga, kuma Tuai ya ce wanda ya huda masa tayil zai gane kurensa. Ranar farko da Lanyau ya jingina ya fara sama da ƙasa, katakon ya zame, ya karkata, ya nufi ƙasa da fuska. Bangau, da ke wucewa ya ɗauke kai kamar bai gani ba, ya yi wani tsalle da bai yi irinsa ba tun yana soja, ya tare shi da ƙirji. Doka ta hana shi cewa kakansa ne. Ba ta hana shi riƙewa ba.

Yanzu kullum da rana ta take, Bangau kan bar abin da yake yi ya zo ƙofar Lanyau da takalmin aikinsa. Ya rungume katakon ta baya, ya kafa ƙafafu, ya kawar da fuska gefe, yana motsa leɓe a hankali kusa da kunnen katakon. Wanda ya matso zai ji haƙuri yake bayarwa.

"Ɗan karkato shi hagu," in ji Lanyau, ido a rufe.

"Ka yi ka gama, marar kunya."

"Hagu na ce, ɗan'uwa. Yawwa. Riƙe nan."